Inda Aka Ajiye Kan Ragon

Duk shekara idan sanyi ya sauka a Riyad, mukan kwashe komatsanmu mu bar wa 'ya'yanmu gidajensu, mu koma sahara. Tsofaffi ne mu da aiki ya sallama, muna zaune a ƙasar da iƙama, takardar izinin zama, da yaran suka yi mana a ƙarƙashin tasu. Ni ina wajen 'yata da ke aikin asibiti a unguwar Ulaya, a can saman wani dogon gini inda ko taga ba ta buɗuwa. Tana kula da ni, ba zan ɗauki alhakinta ba. Amma ka wuni kana jiran a dawo a tambaye ka ko ka sha magani, wannan ba zama ba ne.

Wurin da muke zuwa yana arewa da gari, bayan an wuce filin jirgin sama. Wani Balarabe ne ya kewaye fili da waya, ya ja wuta, ya ajiye tankin ruwa, yana ba masu karafan haya. Karafan ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado, da ɗan kicin, da banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Yawancin masu zuwa 'yan ƙasa ne, su kwana biyu su koma. Mu Hausawa mu huɗu ne muka kama kusurwar gabas, kuma mu ba ma tashi sai zafi ya kore mu.

Akwai ni, tsohon safiyo. Akwai Likita, aminina tun muna da baƙin gashi. Akwai Injiniya, mutumin da bai taɓa cewa bai sani ba. Sai Bazazzagi, tsohon mai haɗa magani, Kirista ne, shi kaɗai ke zuwa da matarsa. Ni Bakano ne, don haka tsakanina da shi kullum cikin tsiya muke. Karafan ɗina da na Likita ƙofa na kallon ƙofa, mun ɗaura rumfa a tsakani, gefe ɗaya a jikin nawa, ɗayan a jikin nasa. Ƙarƙashin wannan rumfar muke komai.

Da asuba Likita ke dukan bangon ɗakina da sandarsa. Mu yi salla, Injiniya ya hura wuta yana yi wa itacen faɗa, Bazazzagi ya fito cikin hula da safa da bargo, in ce masa ko a Zariya ba a yi tsohuwa irin wannan ba. Sai shayi, sai kowa ya fito da kwalin magungunansa ana gwada na wa ya fi yawa. Idan rana ta ɗaga mu zaga waya a ƙafa, mu dawo mu tona ramukan dara a yashi. Jirage na wucewa ta samanmu, Injiniya yana faɗa mana inda kowanne ya nufa, alhali ba mai iya ƙaryata shi. Haka ranakun suke, kuma ni sun ishe ni.

Juma'a ce ta bambanta. Matata a Riyad take kwance. Hatsarin mota muka yi tare, ina gadon asibiti da karayar ƙafa aka rufe ta. Likita ne ya shiga kabarin. Maƙabartun nan ba a rubuta suna, tudu ne kusa da tudu, da dutse a kai da dutse a ƙafa, layi bayan layi har inda ido ya tsaya. Ni kuwa idona ya daɗe da tsayawa kusa. Hawan jinin ido ya cinye min nesa, abin da ya wuce tsawon hannu inuwa ce kawai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna ƙasa yana kafa alama, ga shi ba ya iya gano wuri ɗaya da ya dame shi.

Ranar da ya dawo daga jana'izar, da ƙura a rigarsa, Likita ya zauna a bakin gadona ya ce, "Muddin kana ƙasar nan, ina nan. Ni zan riƙa kai ka." Ban roƙe shi ba, shi ya faɗa da bakinsa. Kuma ya cika, shekara da shekaru. Bayan sallar Juma'a ya riƙe gwiwar hannuna mu ratsa layukan, ya tsaya, in durƙusa in lalubi dutsen kai. Yana da ɗan gurbi a gefe wanda babban yatsana ke shiga daidai. Ban taɓa faɗa wa kowa zancen gurbin nan ba, ko shi. Saboda wannan tafiyar ta Juma'a na ƙi komawa gida duk da 'yan'uwa sun yi ta kira.

A sanyin da nake ba da labari, rumfarmu ta tsufa, na sa 'yata ta sayo sabuwa mai kauri. Likita ya hau kujera ya ɗaure nasa gefen, ina riƙe da ƙafar kujerar. Na ce wannan za ta kai mu shekaru, ya ce in Allah ya yarda. Yanzu in na tuna muryarsa a lokacin, raina ɓaci yake. Akwai wasu abubuwan ma. Ya ba Bazazzagi bargonsa mai kyau wai ya yi masa nauyi. Ya fara barina ina cinye shi a dara, mutumin da ko jikansa ba ya ɗaga wa ƙafa. Shi da Injiniya kuma suka tsiro da shiga gari a tsakiyar mako wai sayen gas, har na ce ko shansa suke yi.

Al'adarmu ce ranar Kirsimeti mu yanka wa Bazazzagi rago. Ba bikin addini muke taya shi ba, maƙwabci ne wanda kowace Salla shi ke fara zuwa da wuƙar fiɗa, kuma a ƙasar nan, ban da 'ya'yansa da ke wurin aiki ranar, ba shi da dangin da zai je wa. Shi zai yi addu'arsa a ɗaki da matarsa, ya sa farin kaftani ya fito. Mun kuma ɗauki wata ɗabi'a ta masu ƙasa: idan an jera nama a kan shinkafa, kan ragon ana ajiye shi a gaban wanda aka yi walimar dominsa. A wajenmu abu biyu ne kawai ke sa a ajiye wa mutum kai. Ko Bazazzagi ranar Kirsimeti, ko wanda aka buga wa fita ta ƙarshe a fasfo, zai koma gida ba dawowa. Mun yi wa mutum biyu haka a shekarun baya, da muna da yawa.

Ni na zaɓo ragon, kamar kullum. Ba na gani, amma in na dafa gadon bayan dabba na san abin da ke ciki. Injiniya ya yanka, matar Bazazzagi ta dafa, ta aiko mana da cincin muna jira. Bayan azahar aka shimfiɗa leda a ƙarƙashin sabuwar rumfa, aka sauke babban tire. Wurina a gefen Bazazzagi yake, don kowace shekara sai na miƙa hannu na sace harshen ragon kafin ya ankara, ya ce Bakano ko a aljanna sai ya yi wa mutum ƙwange. To na yi bisimilla na miƙa hannu. Shinkafa na taɓa. Na lalluba dama, na lalluba hagu, babu kai. Na ɗauka ɓoyewa ya yi, har na buɗe baki zan fara masa tsiya, sai na ji daga ɗaya gefen tiren Injiniya yana cewa ƙasa-ƙasa, wai Likita ya fara cin kan da ke gabansa, mutane na jira.

Ban san tsawon lokacin da hannuna ya yi a cikin shinkafar nan ba. Na dai san ta ƙona ni.

"Likita," na ce, "yaushe ne?"

Can ya ce, "Mako mai zuwa."

"Wa da wa suka sani?"

Bazazzagi ya fara kame-kame, wai shi ya bar wa Likita kan don kada ya tafi ba a yi masa abin da aka yi wa na baya ba, sun ɗauka ba zan lura ba. Wato sun zauna sun yi shawara, suka ga makaho ne, za a iya yi wa amininsa walimar bankwana a gabansa yana taya su ci. Da ragon da na zaɓo da hannuna. Daga baya na gano har 'yata ta sani. Ita ce ma ta roƙe su kada a faɗa min sai ranar ta matso, saboda jinina. Na goge hannu a leda na tashi. Bazazzagi ya riƙo rigata, na ce ya sake ni, barka da Kirsimeti.

Da la'asar Likita ya shigo ɗakina ba sallama, ya zauna a bakin gado kamar wancan zaman na asibiti. Ya ce gwajin zuciyarsa na baya bai yi kyau ba, shi likita ne, ya san abin da ya gani. Ya ce ya sha ɗauko maganar a hanyar maƙabarta, bakinsa ya ƙi buɗuwa.

"Ina so a rufe ni kusa da mahaifiyata, Safiyo. Abin ke nan."

"Ni kuma tawa matar fa? A hannunka na bar ta."

Sai ya ce kada wannan ya dame ni, ya riga ya shirya. Sayen gas ɗin nan da suke zuwa, maƙabarta yake kai Injiniya, ya nuna masa wurin sau da yawa, ya gane sarai. Ya faɗi haka yana jiran in ji sanyi. Wallahi wannan ya fi kan ragon yi min ciwo. Ba tafiyar ce ta ƙona ni ba, wanda ya ce yana son kushewa kusa da uwarsa me za ka ce masa? Da ya faɗa min tun farko, da na yi fushi na huce, da mun je mu uku na sa hannun Injiniya a kan dutsen da kaina. Amma an kai wani namiji kan kabarin matata ban sani ba, an miƙa masa ita, an miƙa masa ni, kamar yadda aka miƙa wa Bazazzagi bargo. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya, ya ja min ƙofa.

Sauran kwanakin ban fito rumfa ba. Da asuba yana dukan bangon, in yi sallata a ciki. Ranar tafiyar ɗansa ya zo da mota. Na ji ana kwance igiya, na ji karafan ɗin na gurnani a kan tsakuwa. Ya tsaya a ƙofata ya yi sallama, na amsa don sallama ce, ban buɗe ba. Da na fito da yamma sabuwar rumfar na rataye a jikin ɗakina ta gefe ɗaya, sauran tana jan ƙasa. Jirgi ya wuce, Injiniya bai faɗi inda ya nufa ba.

Juma'ar da ta biyo baya Injiniya ya zo da mukullin mota yana ta rawar jiki. Na bi shi, ba ni da wani. Ya riƙe ni ta wuyan hannu, ba ta gwiwa ba, yana tafiya da sauri yana ba ni labarin yadda ya haddace wurin, daga wancan bango, daidai da waccan falwayar wuta. Ya ja birki ya ce ga ta nan. Na durƙusa na kai hannu kan dutsen. Sumul yake. Na shafa gefen dama, na shafa na hagu, na tona yashin gindinsa ko ya nutse. Babu gurbi. Na miƙa hannu kan na kusa da shi, shi ma babu.

Injiniya ya ga na daɗe. A karon farko tun da na san shi na ji shakka a muryarsa.

"Alhaji, ko in kira Likita ta bidiyo ya duba mana? Yanzu zai ɗauka."

Na san zai ɗauka. Tun da ya sauka yake kirana, wayar na kuka a aljihuna har ta gaji. Na tuna hannuna cikin shinkafa, da su ukun suna kallona.

"Bar shi," na ce. "Nan ne."

Na ɗaga hannu na yi addu'a. Ban san ko wane bawan Allah ne a wurin ba, namiji ne ko mace. Har yau nan Injiniya ke kai ni kowace Juma'a.