Faɗuwar Aminiyar Mama

Da muka dawo Lamorde daga gudun hijira, aminiyar Mama, wadda suke tsokanar juna tun suna 'yan mata, ba ta dawo ba. Ko hotonta ba mu da shi. Abin da ya rage sai wani ɗan bidiyo a intanet: matan zumunta suna rawa a harabar coci, ita ta taka bakin zaninta ta zube, bidiyon ya ƙare.

Faɗuwar nan Mama ke son kallo. Sabis kuwa ba ya kamawa sai a bayan rumbu, kuma da an kusa wurin sai hoton ya ƙame.

"Har a waya tana mini wayo," in ji Mama. "Ki sauke bidiyon. In mai shi ya goge fa?"

Ni da son banza, na ɗauko wata manhajar kyauta da aka ce tana sauke komai. Ta sauke kuwa, amma ba bidiyon ba. Ranar Lahadi Mama ta miƙa wa matar fasto wayar, sai ga tallar wata baturiya da rabin riga ta cika fuskar. Mama ta rantse aikin Shaiɗan ne. Ban musa ba, ai ya saba ɗaukar laifin wasu. Sai da aka wanke wayar tas.

"Kayan mutum ne," Mama ta ce. "Je ki roƙe shi."

Mai bidiyon wani mai ɗaukar hoton biki ne a Kolere. Na isa da taɓo har gwiwa, ina ƙunƙuni. Ya yi dariya, ya ce ni ce farkon wadda ta taɓa neman izininsa. Ya zuba mini na asali a memori, ya ce ya fi na intanet tsawo, don yanke shi ya yi inda aka fi dariya.

Mama ta kunna a tsakar gida, ba sabis, ba ƙamewa. Aminiyar ta zube, Mama ta ƙyalƙyale har da dukan cinya. Bidiyon bai tsaya ba. Matar ta dafa ƙasa, ta miƙe, ta kaɗe zani, ta yi wa Mama da ke gefenta gwalo, ta ci gaba da rawa.

Dariyar Mama ta ɗauke. Ni ma ƙwalla ta cika mini ido.

"Ga ta nan, ta tashi," ta ce. "Mayar baya in sake gani."