Haƙorin Da Ya Ƙi Girgiɗa

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, ƙanena Bitrus ya yi famfararsa ta farko. Muna tsakar gidanmu a Rikoto, ina surfen dawa, shi kuma yana gaigayar gasasshiyar masara, sai ya tofo haƙorin gaba a tafin hannunsa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, da ɗigon jini a gindinsa. Yaran gidan suka rufe shi da ihu. Aka ce ya rufe ido ya jefa shi kan rufin ɗakin Mama, kuma kada ya kuskura ƙadangare ya ga giɓinsa, in ba haka ba sabo ba zai fito ba har abada. Bitrus yaro ne mai ɗaukar magana da gaske. Tun daga ranar, da ya hango ƙadangare a katanga yana gyaɗa kai, sai ya dafe bakinsa da hannu biyu ya wuce a guje, mu kuma mu yi ta dariya.

Babanmu soja ne, yana can inda aka tura shi, Mama ce ke riƙe da gida da gona. In mun taso makaranta sai mu bi ta gonarmu ta gindin dutse, ni da yayata Rahila muna cire ciyawa, Bitrus yana ɗaure awaki a turke yana ƙera mota da kara. Aljihunsa ba ya rabuwa da guntun rake ko alewa. Da yamma mu 'yan mata mu zana 'yar galagala a ƙasa, shi ya zauna kan turmi yana yi mana alƙalancin ƙarya.

A cikin damanar nan ya fara kukan haƙori, can ciki, ta ƙasa. Mama ta juya shi wajen hasken rana ta leƙa, ta ga baƙin rami a matauninsa na ƙarshe. "Ai na famfara ne," in ji ta, "zai faɗi da kansa, wani ya fito." Duk matan gidan haka suka ce. Bitrus har murna ya yi, zai sake jifan rufi. Kullum da safe sai ya zo ya wage mini baki. "Yaya, taɓa ki ji, ya fara motsi?" In sa yatsa in tura, in ji shi daram kamar turken awakinsa. Aka cusa masa kanumfari, aka ba shi ruwan gishiri mai ɗumi. Ranar kasuwa wata tsohuwa ta ƙona wasu 'ya'yan itace a kasko, ta sa ya buɗe baki a kan hayaƙin, ta nuna mana wasu fararen zare a cikin ruwa, ta ce tsutsotsin ke nan sun fito. Bayan wani lokaci kuwa ciwon ya ɗauke ɗif. Ranar Lahadi Mama ta miƙe a coci ta yi godiya, har da waƙa.

Sai kumburi ya ɓullo a ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Aka ce hangum ne, aka shafa masa toka, yara suna tsokanarsa. Amma wannan bai yi kama da hangum ɗin da na sani ba. Ya gangaro ƙasan haɓa, ya yi tauri kamar itace, harshensa ya tasa sama, miyau na zuba ba ya iya haɗiyewa. Muryarsa ta zama ta wani. Ba ya iya kwanciya, sai ya jingina da turmin nan, yana jan numfashi da wani irin ƙara da har yau ban manta da shi ba. Wata safiya Mama ta goya shi, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, suka hau mashin zuwa asibiti. Da la'asar ta dawo ita kaɗai, da zanin goyon a hannu. Wasu suka ce ciwon wuya ne, wasu suka ce akwai hannun mutum. Babu wanda ya ambaci haƙori.

Bana, 'yan shekaru bayan na gama sakandare, na shiga makarantar kiwon lafiya ina koyon aikin taimaka wa likitan haƙori. Malamarmu ta ɗora wani ƙaton haƙorin roba a tebur ta raba shi biyu. Ta nuna mana farin ɓawon sama, wanda ya fi ƙashi tauri, da rawayan da ke ƙarƙashinsa, da ɗan kogon tsakiya inda jijiya da hanyar jini suke, suna bin saiwa har cikin ƙashin muƙamuƙi. Ta ce in ruɓa ta kai kogon nan jijiyar na iya mutuwa, ciwo ya ɗauke, mutane su yi murna, alhali mugunya ce ke taruwa a bakin saiwa tana neman hanya. Ta ja yatsa a nata wuyan ta nuna inda takan bi har ta toshe numfashi. Sannan ta ce akwai mataunin da ke fito wa yaro wajen shekara shida, a bayan na famfara, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke lissafa shi cikin masu faɗuwa. Shi kuwa ba shi da magaji. Ban san lokacin da na fita daga ajin ba. A bayan gini aka same ni a durƙushe.

Da na zo hutu na tarar da Saratu, 'yar Rahila da ke hannun Mama, tana tauna tuwo ta gefe guda. Na juya ta wajen rana na leƙa. Ramin na nan, a wannan haƙorin dai.

"Ai na famfara ne," in ji Mama tana tsince wake, "zai faɗi da kansa."

Na rasa yadda zan faɗa mata ba tare da na kira sunan Bitrus ba. Na durƙusa a gabanta. "Mama, sa harshenki a wancan babban na ƙasa. Kin taɓa famfarar da shi?"

Na ga kumatunta na motsi. Ta daɗe tana lalube. Sai hannunta ya tsaya cak a cikin waken, ta juya ta zuba wa turmin ido. Ta ajiye faifan, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Nemo mata takalmi," ta ce.

Likita ya ce ruɓar ba ta kai jijiya ba, ya cike ramin. A hanyar dawowa Mama ba ta saki hannun yarinyar ba.

Yanzu an sauya rufin ciyawar ɗakin Mama da kwano, ɗan haƙorin Bitrus ya tafi da tsohuwar ciyawa. Ƙadangaru na nan a katanga suna gyaɗa kai kamar dā. Saratu ba ta tsoronsu, wage musu giɓinta take yi tana dariya. Ni ce yanzu nake dafe baki in na gan su.