Guntun da Yaya Yake Bari a Kowane Gida

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma, babba da yaro. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda jama'a suka fi sani da Mai Kanta, bayan jinyar kwana biyar a asibiti. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu, ya kuma bar ni, ƙaninsa, da shagon da muka yi shekara ashirin da biyu muna buɗewa tare.

Yaya, yau kwana ashirin da rasuwarka. Ka san ni ba mutumin alƙalami ba ne, hannuna ya fi sabawa da zarto. Amma dole in faɗa maka gaskiya: ranar da muka dawo daga rufe ka, na riga na yanke a raina cewa shagonmu ya rufu ke nan. Dalilin kuwa ka san shi fiye da kowa.

Ga wanda bai san sana'armu ba, muna yin kantar kicin, wato teburin da ake aikin girki a kai, da bangon wurin wanka da wani allo da ake sayarwa falle-falle, garin dutse ne aka cuɗa da roba. A ido kamar marmara yake, amma zarto yana yanka shi kamar katako, ruwa ba ya shigarsa, kuma bai kama ƙafar marmara a tsada ba. Kai ka fara ganinsa lokacin muna kafintoci. Ka dawo da ɗan guntu a aljihu, ka ajiye a kan benci ka ce, "Auta, wannan zai shiga kicin ɗin malamin makaranta da na direba." Na yi maka dariya. Ba a yi shekara biyu ba muka daina yin kujeru.

Kyan wannan allo yana wurin haɗi. Idan aka haɗa falle biyu da gam mai launinsu, aka matse, aka goge, sai su koma abu ɗaya, ba layi ba tabo. A nan Allah Ya ba ka hannu. Gam ɗin ba ya jira, cikin minti goma sha biyar ya ƙame, amma ban taɓa ganin ka yi sauri ba. In an gama gogewa sai ka rufe ido, ka bi kantar da yatsunka tun daga wannan gefe zuwa wancan. Idan yatsa ya ji wurin haɗi, aiki bai ƙare ba, ko da mai gida yana tsaye yana ta yabo.

Ni kuma yanka da guga ne rabona, kuma ni na jawo wa kaina. A shekararmu ta uku ka bar mini haɗin kantar gidan wani tela. Da ƙarfina na ƙuruciya na ɗaure ƙarafan matsi tamau, a tunanina iya matsi iya ƙarko. Ashe na tatse gam ɗin ne duka ya fice, na bar falle biyu suna jingine da juna ba abin da ya riƙe su. Bayan wata biyu wurin ya buɗe, datti ya shiga, baƙin layi ya fito a tsakiyar farar kanta. Matar telan ta zo shago ta wanke mu tas a gaban maƙwabta. Ina tsaye kaina a ƙasa na ji ka ce, "Ni na haɗa, Hajiya, laifina ne. Gobe da safe ina gidanki." Sai da muka shiga mota ka ce, "Auta, gam ba ya son ƙarfi, lallashi yake so. Ka matsa har ya leƙo, kada ka matsa har ya gudu." Ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka koma ga Allah.

Ni ne ban manta ba. Tun daga ranar ban sake taɓa gam ba, shekara goma sha tara. Lokaci zuwa lokaci ka kan miƙo mini shi ka ce, "Yau fa?" In ce, "Gobe." Ka ce, "To, Allah Ya kai mu goben nan taka, ta daɗe a hanya." Furfura ta fito mini kana kirana Auta, muna wannan wasan.

Aikinka da na fi tunawa shi ne na Inna, mahaifiyarmu. Bayan ta zame a kan tayil ta bugu a ƙugu, tsoron banɗaki ya kama ta, ga shi kuma ta rantse muddin tana numfashi ba surukar da za ta yi mata wanka. Mako uku tana goge jiki da tawul a ɗaki, tana faɗa da duk wanda ya kawo maganar. Ba ka yi gardama da ita ba. Ka zo da tef ɗin awo, ka auna tsayin bakin gadonta, domin ka lura daga nan ne kawai take iya miƙewa ba a kama ta ba. Da wannan awon ka yi mata wurin zama a cikin wurin wanka. Ka cire tudun bakin ƙofa, ka rufe bangon da falle guda-guda, ka zagaye kowace kusurwa, ƙasan kuma ka hana ni goge shi ya yi sheƙi don kada ya yi santsi. Ranar da aka gama ta shiga ta sa sakata. Muka tsaya a tsakar gida, ƙarti biyu, muna sauraren ƙarar ruwa. Da ta fito, ba ta ce sannu ba. Ta dube ka ta ce, "Ƙugiyar tawul ta yi sama." Ka sauke ta kana dariya har da hawaye. Shekara shida Inna ta yi tana wanka da kanta, har ta rasu. Daga lokacin, duk gidan da aka kira mu aikin wurin wanka, tambayarka ta farko ita ce ko akwai tsoho a gidan. In akwai, sai ka gaishe shi ka ga yadda yake tashi kafin ka auna bango.

Sai kuma maganar guntu, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan muka huda kanta don saka kwamin wanke-wanke, wani guntu yana fita, faɗinsa kamar faranti babba. Sauran masu sana'ar su kan jefar, ko su kwashe zuwa shago. Kai sai ka goge bakinsa, ka juya bayansa ka yi rubutu, ka danƙa wa matar gida. "Ki ɓoye shi a ƙarƙashin kwami. Kada ki yanka albasa a kai, kada ki ara wa maƙwabciya." Dalilinka shi ne, allon da aka yi bana da wanda za a yi baɗi, ko sunan launinsu ɗaya, in aka jera su sai ido ya raba. Ranar da kanta ta tsage, ba abin da zai gyara ta ba tabo sai ɗan jikinta. Ni dai a lokacin nan kullum ina waje ina loda kaya, ina danna maka hon. A sanina kwanan wata da lambar gam kake rubutawa, ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Rana ta uku da rasuwarka, ana zaman gaisuwa, aka ce wata tsohuwa tana nemana a bakin ƙofa. Tsohuwar ungozomar nan ce da muka yi wa kicin mai ruwan toka. Ta yi mini gaisuwa, ta yi maka addu'a mai tsawo, sannan ta ciro wani abu daga jaka naɗe da tawul.

"Ɗana, na san ba lokacinsa ba ne," in ji ta. "Ɗiyata ce ta sauke tukunya daga wuta ta ɗora a kan kantar kicin, kantar ta tsage. Na kira yayanka ranar da aka kwantar da shi a asibiti, ya ce in ya tashi zai zo. Ruwa yana bi ta tsagar yana jiƙa katakon ƙasa."

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mai haɗin ya tafi. Ni yanka kawai na iya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To shi ba haka ya rubuta ba."

Ta juya guntun ta miƙo mini. Rubutunka ne, mai karkata kamar zai faɗi. Kwanan wata, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Lambar gam. Lambar wayarka. A ƙasa kuma: "In kantar ta tsage, a kira ni ko ƙanina. Duk ɗaya ne."

Shekara biyu kacal ke nan bayan abin da na yi a gidan tela. Yaya, ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, amma a bakin ƙofar nan na zauna a ƙasa na yi shi sosai, tsohuwa tana dafa kaina. Daga baya na tambayi gidaje uku da muka yi wa aiki, na ce su duba nasu. Duk haka ka rubuta. A namu gidan ma, matata ta ciro shi daga bayan robar sabulu, ta ce ai ta daɗe da gani, ta ɗauka na sani.

Bayan mako guda na je gidan ungozoma da kayan aiki. Na yanke wurin tsagar, na fitar da shi tsaf. Na yanko daidai shi daga guntun, na gwada shi ba gam har sau huɗu. Na buɗe gam ɗin gumi yana ɗiga daga haɓata. Na zuba, na saka, na ɗaura ƙarafan matsi, ina juyawa a hankali. Da gam ya leƙo, siririn layi daga farko har ƙarshe, hannuna ya so ya ƙara juyi ɗaya. Na janye hannun na sa a aljihu. Na zauna a kan kujerar kicin ina kallon agogo har ya ƙame, sannan na goge.

Ban yarda da yatsuna ba, saboda sun san wurin. Na ce da ita, "Mama, rufe idonki ki shafa." Ta ce hannun da ya yi shekara arba'in yana laluben kwanciyar jariri a ciki ba a ɓoye masa komai. Ta rufe ido ta bi kantar, ta dawo, ta sake bi. Ta buɗe ido ta ce, "Ina ne ma?" Na nuna mata. Ta ce, "Ƙarya kake, nan ne," ta nuna wani wuri da tazarar taƙi guda. Muka yi dariya mu biyu har ta riƙe ƙirji. Ba zan ɓoye maka ba, in hasken taga ya faɗo a karkace, ni ina hango wani abu kamar silin gashi. Da kana nan da ka ce in ƙara gogewa, kuma na koma washegari na ƙara.

Sauran guntun na mayar mata. Ban goge rubutunka ba, na dai sa kwanan watan gyara a ƙarƙashinsa.

Zuciyata a kwance take, Yaya. Ka yi sana'arka da gaskiya, ka rufa mini asiri ranar da na cancanci tsawa, ka bar tsofaffi da yawa suna shiga wanka su sa sakata da hannunsu. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa mutane. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara talatin tana kakkaɓe farar ƙura daga rigunanka ba ta gaji ba, da 'ya'yanka huɗu, da 'yan'uwanmu mata, da duk abokan sana'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya albarkaci abin da ka bari, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ranar Litinin da ta wuce na buɗe shago. Matarka ta kawo mini wayarka da kanta, ta ce tana ta ƙara, ita ba ta san abin da za ta ce musu ba. Saboda haka duk wanda yake da guntu a ƙarƙashin kwaminsa, ya ci gaba da ɓoyonsa. Lambar da ke bayansa ba ta canza ba. In ya kira, ƙanin ne zai ɗauka.