Doguwar da ta sure mini mussa

Ɗazu shaho ya kawo sura tsakar gida, jikata ta rarumi ƴar mussarta ta faɗa ɗaki tana ihu. Na yi dariya har da hawaye, don ni tawa ba ta tsira ba.

Zamanin Nasara ne, ina yarinya a Dumega. Wani shaho ya sauka kan gawon bayan gidanmu, da igiyar fata da ƴar ƙararrawa a ƙafarsa. Tsuntsu da ƙararrawa? Tsofaffi suka taru, suka ce ai doguwa ce ta zo mana baƙunta. Aka hana jifa. Aka dinga kai mata ƴan tsaki farare, ita kuwa ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba.

Rana ta biyar kaji suka ishe ta, ta sure ƴar mussata ina kallo.

Na ruga wajen kakata ina kuka. Ta ce, "Yi shiru, ɗiyata. Duk garin nan ke aka zaɓa."

Washegari sai ga gardi, ɗan sandan kumandan, daga Dogon Dutsi bisa doki, hannunsa naɗe da fata. Usur ɗaya ya busa, doguwarmu ta sauko ta zauna masa a hannu. Ashe tsuntsun farautar kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ne ya tsere.

Na ce, "Kaka, doguwa ma tsoron gardi take?"

Ta ce, "Wa kika ga ba ya tsoronsa?"

Kumandan ya samu tsuntsunsa har da ƙiba, ni ko sannu ba a ce mini ba. Ku kuma, wace doguwa kuka taɓa ciyarwa?