Kason Awaki

Ni dai tun ina yarinya Allah Ya yi ni da ƙyanƙyami. Ko gashi ɗaya na gani a miya, to ni da abinci sai gobe. Sai ga shi na haihu a Bronx, can ƙasar waje, cikin tsananin zafi, mahaifiyata ta zo daga Kano yi mini jego, ta mayar mini da kicin kamar bayan gidan masu kiwo.

Inna ba ta zubar da abinci. A gida duk abin da ya saura a kwano yana da wurin zuwa: tuwo ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya, dusa da ruwan tsari na awaki ne. A nan kuwa ba akuya ba kaza, sai kwandon shara da muke jefa ƙunzugun jaririya a ciki. Ranar da ta ga na karkaɗe sauran shinkafa a kan ƙunzugu, salati ta saka kamar an aiko mata da rasuwa. Daga ranar ta karɓe wanke-wanke daga hannuna.

Sai shanya ta tashi. Tire a bakin taga, tire a matakalar baya, wani a kan firji. Kyankyasan unguwa suka samu labari suka zo da 'ya'ya da jikoki. Na ɗaga faranti na ga suna tsere, tsigar jikina ta tashi har nonon da nake bayarwa ya so ɗaukewa. Mai gidan da muke haya, wanda ke zaune a samanmu, ya sauko ya ce ya ga ɓera a matakala. Amma ba ni da bakin faɗa. Hutun haihuwata zai ƙare in koma aikina na asibiti, ba ni da wanda zan bar wa yarinyar, kuma da ƙyar Inna ta yarda za ta zauna har jikarta ta fara rarrafe. Mai nema ba ya fushi.

Maigidana ne ya kawo dabara. Wata Asabar ya shigo da kwali, a ciki wani inji mai kama da baƙar tukunya, wanda ake ratayawa a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke. Ka tura sauran abinci ta ramin, ka sake ruwa, ka danna makunni, ya markaɗe ya wuce da shi. Ya yini kwance a ƙasa da sifana, yana kallon yadda ake haɗawa a waya, yana gumi yana tsaki. Da ya kunna, abin ya yi gurnani, Inna ta ja da baya.

"Shi kuma ina yake kai abincin?" ta tambaya.

Maigidana ya sunkuyar da kai irin na suruki mai kunya. "Hajiya, ai gona yake zuwa. Bututunsa daban ne. Can bayan gari ake tarawa a ba dabbobi."

Na kalle shi, shi kuma ya kalli sifana.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ashe su ma sun san darajar abinci."

Na hango ƙarshen shanya da kyankyasai, na ja bakina na tsuke.

To fa, an ba mai kaza kai. Kullum da safe in ta tace gasarar kunun kanwa, sai ta kwashe dusar ta nufi ramin, ta yi bismillah ta ce, "Ga kason awaki." Ɓawon albasa, ɓawon doya, ƙanzo, daskararren manja, har ƙasusuwan ƙafar saniya da aka yi mini ƙauri da su, duk ciki. Tana tsince tsinken sakace kada ya soki bakin wata. Ran Juma'a takan ƙara musu 'yar kanwa, wai tana gyara wa dabba ciki. Ban taɓa ganin ta sake a ƙasar nan kamar lokacin ba. Har waya ta yi wa ƙanwarta tana ba ta labari.

Wari ya fara a hankali. Da farko tsami ne, irin na kamun da ya kwana biyu. Daga baya ya rikiɗe ya koma abin da ban san sunansa ba, ya kama labule, ya kama zanen goyo, in na buɗe baki sai in ji shi a harshena. Ƙananan ƙudaje suka dinga fitowa daga ramin. Na ɗauko ruwan bilic zan tuttula, Inna ta riƙe mini hannu.

"Ke, kina da hankali kuwa? Dabbobin mutane za ki kashe?"

Na mayar da murfin na ajiye. Wanda ya haƙa ramin ƙarya, da shi da mai riƙe masa fitila duk ciki suke kwana.

Wata safiya ta danna makunni, injin ya yi nishi ya yi shiru. Sai ramin ya fara amai. Wani ruwa toka-toka ya taso da kumfa, ɓawon albasa na yawo a kai, a gefe fararen tsutsotsi suna motsi. Na ruga banɗaki na mayar da kunun da na sha. Maigidana ya leƙa sau ɗaya, ya tuna yana da taro a ofis, ya ce zai turo mai gyaran famfo da suke masallaci ɗaya.

Mutumin ya zo kafin azahar, wani dattijo ɗan zangon Kumasi. Ya gaida Inna, ya durƙusa ya tara bokiti, ya kwance bututun. Abin da ya fito bai zubo kamar ruwa ba, saukowa ya yi a dunƙule, baƙi-baƙi da yauƙi, ya faɗa bokitin da wani sauti da har yau in na tuna sai miyau ya taru a bakina. Dusa ta kumbura ta haɗu da mai ta daskare, sai da ya sa wayar ƙarfe yana zaƙulowa. Na toshe hanci da mayafi, idona na hawaye. Shi kansa da ya saba sai da ya kau da kai.

"Kai, Hajia, wa ya sa wannan duka ciki? Machine ya mutu. Motor ya kone."

Inna ta leƙa bokitin, hankalinta a tashe. "Ashe duk bai isa wurin awakin ba? Allah sarki, suna can suna jira."

"Wane awaki?"

"Na gonar da bututun yake zuwa."

Ya dube ta, ya dube ni. Na yi masa ido, amma bai gane ba, ko kuwa ya gane ya ƙi.

"Hajia, ba gona. Pipe guda ne." Ya ƙwanƙwasa bututun da sifana. "Wannan da na toilet, duka suna gamuwa a basement, can kasan gida, su tafi tare."

Inna ta juyo gare ni.

"Kin sani?"

"Inna, kyankyasan nan ne..."

"Tambayarki na yi."

"Na sani."

Ta ɗaura zane da kyau, ta sunkuya ta ɗauki bokitin nan da ni ko kallonsa ba na iya yi, ta sauka matakalar baya. Na bi ta. A jikin katanga akwai 'yar ƙasa da siminti bai rufe ba. Da tsohuwar wuƙa ta tona rami, ta juye, ta rufe da hannunta tana istigfari. Na miƙa hannu zan taya ta, ta ce in koma kada warin ya shiga nono.

Mai gyara ya tambaye ni ko ya kawo sabon inji. Na ce ya sa bututu zalla.

Da maigidana ya dawo ta amsa gaisuwarsa lafiya lau, har da sannu da aiki. Washegari ta ce a gyara mata tikiti, da an yi arba'in za ta koma. Na durƙusa na roƙe ta, na ce wa zan bar wa yarinyar, na yi kuka har da majina.

"Da shanya ta dame ku, sai ku ce Inna, shanya ta dame mu. Ni yarinya ce?" Muryarta ko rawa ba ta yi. "Da hannuna kuka sa na dinga kai abinci masai. Da bismillah fa nake zubawa."

Ranar tafiya ina taya ta haɗa kaya, na ci karo da wata leda a ƙasan akwati, cike da busasshen ƙanzo. Na ce Inna, wannan kuma har Kano?

Ta karɓe ta mayar, ta ja zif.

"Na awakina ne," ta ce. "Su na san inda suke."