Gurasar da Aka Hana Yakubu

Wata Lahadi a majami'ar Katolika ta Tasawa, maƙwabcina Yakubu mai gyaran amalanke ya bi layi, ya durƙusa, ya rufe ido, ya zaro harshe. Mon Per, limaminsu, ya tsallake shi, ya sa wa na kusa gurasar tarayya. Yakubu bai sani ba, yana nan baki buɗe har aka tashi waƙa.

Ni Musulmi ne, a kasuwa na ji. Shekara guda ina ce mishi, "Yakubu, rufe bakin, ƙuda zai shiga!"

Laifinshi Rifkatu. 'Yar majami'ar Angalika ce daga wajen Katsina. Mijinta na fari ya karya mata hannu da taɓarya, ta gudo, Yakubu ya aure ta. Katolika suka ce muddin wancan yana numfashi, matarshi ce. Ko Yakubu ya raba shimfiɗa da ita, ko ya haƙura da gurasa.

Na ce, "Dawo wajenmu, saki uku an gama."

Ya ce, "Abdulmumini, ka ji da matan da ka kora."

Wani rani Rabaran, limamin su Rifkatu, ya ƙetaro iyaka, aka haɗa shi da Mon Per a zauren Yakubu. Na laɓe bayan danga. Rabaran ya ce auren da ya karya ƙashi ya riga ya mutu. Mon Per ya ce abin da Allah ya ɗaure, taɓarya ba ta kwance shi. Suka shanye furar Rifkatu, suka rungumi juna suna "ɗan'uwa, ɗan'uwa", suka ce manyansu na can Turai suna duba maganar.

Shekara sha bakwai manyan na dubawa. Duk Lahadi Yakubu na bencin baya, hannu a cinya. Na daina tsokanar, abin ya bar ba ni dariya.

Bana ciwon hanta ya ɗauke Rifkatu. Ni na kama mishi haƙa kabari. Mai taɓarya kuwa yana can garau.

Ran sadakar bakwai wani sabon Mon Per, yaro mai ladabi, ya zo da ɗan gwangwanin gurasa. Ya durƙusa ya ce, "Baba Yakubu, yanzu hanya ta buɗe. Ga jikin Almasihu."

Yakubu ya dubi tabarmar Rifkatu a naɗe jikin bango, ya daɗe.

Ya ce, "Ɗana, rufe abinka. Tuwon da sai da itacen makarar matata ya dahu, kai wa manyan naku su ci."