Muhammad Auwal Huɗu

Malam Mamuda irin mutanen nan ne da in ka gaishe su da fara'a fiye da kima sai su shafa aljihu. Shekara ashirin da shida yana ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a ƙasar Roni, tun ana rubuta sunan maras lafiya a kwali har aka kawo kwamfutar nan mai ƙara kamar injin markaɗe. Shi ya shigar da kowa a cikinta, da yatsa ɗaya. A ƙarshen kowane suna akwai gurbin ƙarin bayani, nan yake zuba abin da ya sani: wane ɗan gidan wane ne, wance ba ta haɗiyar ƙwaya sai an daka mata.

Bana aka turo wata ma'aikaciya, Bahijja, ta kwashe bayanan zuwa sabon tsari. Tun ranar farko hankalinsa bai kwanta da ita ba. Yau ya ce an turo ta ne a kore shi, gobe ya ce sunayen za a sayar wa 'yan siyasa. Ko salla zai tafi sai ya fitar da ita ya datse ƙofa.

Da ta gama, bai ce sannu ba, sai ya hau ƙirge. Mutum ɗari uku da ɗoriya babu su.

"'Yar nan, ina mutanena?"

"Baba, ba ɓata suka yi ba. Duk inda suna da gari da ranar haihuwa suka zo ɗaya, tsarin yana ɗauka mutum ɗaya aka maimaita, sai ya haɗe su."

"Bayanin da nake rubutawa fa?"

"Ba a tanadar masa gurbi ba."

Ya sa ta nemo Muhammad Auwal na wani ƙauye da ke bayan dutse. Su huɗu ne, ya san su kamar yunwar cikinsa, amma ɗaya ta fito. A cikinsu akwai makiyayi, Auwalun Daudu, wanda allurar fenisilin ta taɓa kumbura shi har aka fid da rai. Sabon katin bai ce uffan a kan haka ba, ga shi ran Alhamis zai dawo a duba masa saran gatari a ƙafa.

"Na faɗa! Wa ya sa ki wannan aika-aika?"

Bahijja ta kunna tsohuwar kwamfutar ta juyo masa da fuskarta. Duk huɗun, ɗaya ga Janairu, 1980.

"Baba, wa ya sa musu wannan ranar?"

Malam Mamuda ne da kansa. Tsohuwar kwamfutar ba ta karɓar suna sai da ranar haihuwa, su kuma mutanen ƙauye sai su ce da kaka ne, ko shekarar da rijiya ta rufta. Shi kuwa ga layi har waje. Duk mai gemun da bai fara furfura ba, wannan ranar ya buga masa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, domin wata guda yana neman mai laifi a ɗakin da shi kaɗai ke riƙe da makullinsa.

Kwana uku suka yi suna raba mutane, yana faɗa tana bugawa, bayan ta samo izini ta buɗe wa bayaninsa gurbi. Da na Auwalun Daudu suka fara. A kwana na biyu ya tafi salla ya bar mata ƙofa a buɗe.

Ran Alhamis ya tare makiyayin a bakin ƙofa, da biro a hannu.

"Auwalu, tsakani da Allah, yaushe aka haife ka?"

Makiyayin ya ja da baya, ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara riƙon sandarsa.

"Malam, shekara nawa ina zuwa nan ba ka tambaya ba? Me za ka yi da ita yau?"